Rantsuwa a Kan Gamba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gwamnati, ashirin daga ciki a Abuja, ban taɓa ɗora hannuna a kan Alƙur'ani da sunan rantsuwa ba. Ko ranar da wani fayil ya ɓace a ofishinmu aka tara mu ana zare mana ido, cewa na yi a kore ni in an ga dama, amma ba zan rantse ba. Sai da na yi ritaya na dawo Keffi, gemu ya yi fari, sannan ni Ghali, ɗan Malam Abdulsalami na Tudun Ƙofa, na yi alwala a gaban jama'a na rantse. Kuma ba a kan jini ba, ba a kan gado ba, a kan ciyawa.

Gonarmu tana Jigwada, a gangaren da ke kallon rafi. Tamu ce a sama, ta ƙasa ta Baba Manasseh ce, aminin mahaifina. Tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Abuja su biyun suka ja igiya daga bakin hanya zuwa gindin wata ɗorawa, suka dasa gamba a kan layin. Haka ake yin iyaka a wajenmu, ba dutse ba siminti. Gamba ciyawa ce mai taurin rai. Wuta ta lashe ta, shanu su cinye ta, a yanke ta a saƙa zana, amma kafin ruwan farko ya sauka ta riga ta tofo a inda take. Shi ya sa in rigimar gona ta taso dattawa ba sa neman takarda, gamba suke nema, wai mutum yana ƙarya amma ita ba ta yi. Da wannan maganar na girma, ban taɓa tuhumarta ba.

Bayan rasuwar Baba Manasseh, matarsa Filomina, wadda kowa ke kira Maman Wilson, ita ta ci gaba da noma nasu ɓangaren. Ƙasa ce mai tsakuwa da marmara, gyaɗa da gurjiya kawai take yi, su ma sai an lallaɓa. Matar nan ta san ni tun ina yawo ba wando. In Sallah ta zo mu aika mata nama, in Kirsimeti ta zo ta aiko mana shinkafa da kaza mai rai, don ta san mun fi son mu yanka da kanmu. Na faɗi wannan ne don a san wa na yi wa abin da na yi.

Saura shekara shida in ajiye aiki na fara shirin tsufa. Na ga yadda mutanen Abuja ke shan yogot kamar an aiko su, na ce to, bari ni ma in shiga ta nan. Na sayi shanu huɗu ruwa-biyu, irin masu nonon nan, wani abokin aikina ya ba ni karan ciyawar giwa na dasa musu. Shekarar farko ta ba ni kunya. Ƙasar mahaifina ta gaji, ciyawar ta fito rawaya-rawaya, siririya kamar tsintsiya, tofa da harkiya da ita kanta gamba suka taru suka shaƙe ta. Duk Asabar in na dawo daga gona sai Saratu, matata, ta tambaye ni ko giwar tawa ta kai girman akuya.

Sai Allah ya kawo gidajen kaji. A shekarun nan suka cika bakin titin Abuja kamar jamfa a Jos, kowa yana neman wanda zai kwashe masa kashin kaji. Na riƙa sa tifa tana kawo mini. Tifa ba ta iya hawa gangaren, saboda haka a ƙasan gonar take juyewa, dab da layin gamba, daga nan ake ɗiba da baro ana watsawa. Kowace shekara kafin damina sai an juye biyu ko uku a wuri ɗaya.

Da ciyawar giwa ta ɗanɗani kashin kaji sai ta haukace. Ta wuce tsayin mutum, ta wuce mutum da hannunsa a sama, karanta kamar rake, in ya yi nauyi ya kwanta ƙasa sai kowace gaɓa ta fitar da saiwa ta zama sabon gindi. Shanu suka yi sheƙi, nono ya fara zuwa, ni kuma na zama malamin gona na ƙarfi da yaji. Duk baƙon da tsautsayi ya kawo gidana sai na ja shi gona na yi masa lacca. In nuna masa inda taki ya kai, in ce duba, a nan giwa ce ke mulki, inuwarta kaɗai ta kashe tofa, ta kashe harkiya, gamba ma ba ta kai labari ba. Sannan in hau da shi can kan tsakuwa inda baro bai taɓa zuwa ba, in ce duba nan kuma, giwar ce ke roƙon arziki, gamba ta tsaya da ƙafarta. Kowace ciyawa da irin ƙasar da take cin nasara a kai, in ji ni, ina kaɗa yatsa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, don da bakina na yi wannan bayanin ya fi sau hamsin.

Duk waɗannan shekarun Maman Wilson ba ta nan. 'Yarta Susana ta haifi tagwaye a Panda ta kwanta jinya, uwar ta tafi da niyyar wata biyu ta yi shekara huɗu, gonarta ta zama saura. Ni kuma Asabar kawai nake leƙowa, bayan gosulon Mararaba ya gama tatse ni, kuma mutumin da ke kula mini da shanun ta sama yake yanka, kusa da garke. Ƙasan gonar ya zama duhuwa, ba mai shiga.

Wata huɗu da ritayata, cikin Oktoba, ina gona sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Maman Wilson ce ta fito, da ɗanta Wilson, da wani safiyo, mai awon fili, yana saɓe da ƙarfensa mai ƙafa uku. Wilson ma'aikaci ne a Abuja. Tsadar haya ta kore shi daga Nyanya zuwa Mararaba, daga Mararaba zuwa Masaka, yanzu ya yanke shawarar ya gina a gonar ubansa ya riƙa sammako. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, filin da da ba a ko kallonsa yanzu kowa da safiyonsa. Shimfiɗaɗɗen wuri ɗaya ne a gonarsu, wanda ke manne da iyakarmu. Sauran duk gangare ne da marmara, ba inda za a aza fandesho.

Muka gaisa, ta yi mini murnar ritaya, ta tambayi Saratu da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta taka zuwa layin gamba ta tsaya. Ta kalli rafi, ta kalli hanya, ta sake kallon rafi. Na ga fuskarta ta canza.

"Ghali, nan ba iyaka ba ne," in ji ta. "Iyaka yana ciki can, cikin ciyawarka."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tata. Ta ce ba wasa take ba, an shigo mata da taku goma sha biyar aƙalla, kuma inda ciyawata take tsaye a nan take shanya gyaɗarta tun tana amarya. Na nuna mata gambar da take tsaye a kai, na ce Mama, wannan fa ba ni na haife ta ba. Da a nan aka tsaya da an rabu lafiya. Sai Wilson ya sa baki, hannu a aljihu, ya ce, "Oga, mun san yadda kuke yi da fili a ofis. Amma nan ba Abuja ba ne."

Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Shekara talatin da ɗaya ina kaffa-kaffa da sunana, abokan aikina suna gina gidaje ina hawa bas, sai ga yaron da aka haifa a gabana yana kirana ɓarawon fili a gonar ubana. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba. Safiyo dai ya naɗe kayansa ya koma mota, aka kai magana gaban Mai Unguwa.

Aka sa ranar Asabar. Mai Unguwa Ubale ya zo da Liman da dattawa huɗu, wani dattijon coci ma ya zo ta ɓangarensu. Suka bi iyakar da ƙafa yadda aka saba. Gamba kuwa ga ta nan jere, gindi bayan gindi, ta fitar da kai fari-fari, tun daga hanya har kusa da rafi. Ɗorawar da aka ja igiya zuwa gare ta masu gawayi sun sare tuntuni, har kututturen an tone. Cikin giwa ba wanda ya ce zai shiga, don ganyenta yana yanka, yana ƙaiƙayi, ga macizai, kuma in kana tsaye a gefenta ba ka hango taku biyar a gabanka. Mai Unguwa ya share gumi ya ce shi dai ga abin da idonsa ya gani.

Maman Wilson ta nemi a ba ta dama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce Ghali ya tuge gamba ya dasa a wani wuri ba. Na san ubansa, na san shi. Amma gamba ba ya zama inda ƙasa ya yi maiƙo, wani ciyawa ya yi masa inuwa. Wanda Manasseh ya dasa ya mutu a ciki. Wannan 'ya'yansa ne, iska ya kawo iri, suka tsaya inda taki ya ƙare. Iyaka ne ya yi tafiya."

Wani ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama. Ni da na yi laccar nan sau hamsin, maimakon in ji gabana ya faɗi, sai na ce a tambaye ta ko da takalmi gambar ta yi tafiyar, ko kuwa mashin ta hau. Dariya ta ƙaru, har dattijon cocin sai da ya juya baya yana tari. Na ga Wilson ya sunkuyar da kai, na ji daɗi. Har yau in na tuna jin daɗin nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wilson ya ce shi kotu zai tafi. Uwar ta ce ba da ranta za a kai gidan Malam Abdulsalami kotu ba. Ta juyo ta ce in har zan rantse da Littafinmu, ta bar mini wurin har abada. Ina tsammanin ta ɗauka zan ja da baya in ce a sare ciyawar a duba. Liman ya ja ni gefe ya ce rantsuwa ba abin wasa ba ce, gara a yi sulhu, in kuwa dole ne to in tsaya a kan abin da hannuna ya yi ko bai yi ba, in ce ban tuge ba, ban dasa ba, in yi shiru. Abin da Saratu ta faɗa mini ke nan da safe tana miƙo mini hula, wai baki shi ke yanka wuya, in riƙe nawa.

Na yi alwala da butar Liman a bakin gona. Na fara daidai, na ce ban tuge ba, ban dasa ba, ban sa wani ya yi ba. Amma maganar Wilson tana cina a rai, ga idanu a kaina, sai na ji abin ya yi mini kaɗan. Hannuna na kan Alƙur'ani na ƙara da cewa, "Kuma wallahi wannan gambar ita ce mahaifina ya dasa da hannunsa, duk abin da ke samanta ƙasata ce, ko tafin hannu ban ci na kowa ba."

Na ji Liman ya ja numfashi. Maman Wilson ta kalle ni baki buɗe, kamar ranar ta fara ganina. Ba fushi na gani a fuskarta ba, tsoro na gani, na ce a raina kunya ce ta kama ta. Ta ce shi ke nan, ta bar mini. Wilson ya riƙe hannunta ya kai ta mota a hankali, kamar mai jan marar lafiya.

Ba a yi ginin ba. Ta koma Panda. A majalisarmu aka yi ta jinjina mini, wasu suka ce ɗan ne ya zuga ta, wasu suka ce tsufa ne, in ya zo ta kai yake farawa. Kirsimeti ta zo ta wuce ba shinkafa ba kaza. Saratu ta lura, ni na yi kamar ban lura ba.

Cikin Fabrairu masu farautar gafiya suka sa wuta a bakin rafi da azahar. Iska ta ɗauko ta, ta haye sauran Maman Wilson, ta kama giwata ta ƙasa wadda ta bushe a tsaye. Karan yana fashewa kamar harbin bindiga. Muka kwance shanu muka kora su kan hanya, babu wadda ta ƙone, amma kafin la'asar gonar ta zama fili baƙi ƙirin.

Washegari da safe na je duba ɓarna. Na tsaya can sama wajen garke ina tunanin abin da shanu za su ci kafin ruwa ya sauka, sai idona ya faɗa kan wani abu. Shekara shida ban ga ƙasar gonata tsirara ba. Layi biyu na gani. Na ƙasa shi ne gambar da na rantse a kanta, gindinta baƙaƙe, kuma ba miƙe take ba. Ta lanƙwasa ta yi tumbi cikin gonar Maman Wilson, tsakiyar tumbin daidai ƙasan jujin da tifa ke juyewa. Ɗaya layin yana sama da shi, a cikin giwata. Wata doguwar kunya ce da ba ta wuce idon sawu ba, ƙasar da gamba ta yi shekara arba'in tana tarewa in ruwa ya gangaro, miƙe sak daga bakin hanya zuwa inda ɗorawa take a da, kamar an ja igiya. Ai kuwa an ja.

Ban san yadda na sauko ba. Na durƙusa na tona da hannu, tokar da sauran ɗumi. Saiwar giwa na san ta, kauri gare ta. Wannan kuwa siririya ce, cunkus kamar gashi, ta ruɓe tana marmashewa a yatsuna. Gindin gamba ne, matacce. Na matsa taku ɗaya na tona, ga wani. Sai da na tona goma sha ɗaya na daina. Sannan na auna tsakanin layukan biyu. A bakin hanya taku uku ne, wajen rafi huɗu, a tsakiya goma sha bakwai. Na koma na sake aunawa ina buɗe ƙafa don ya ragu, ya ba ni goma sha shida. Na zauna cikin toka da farar rigata, ba abin da bakina ke iya furtawa sai innalillahi.

Ban tuge ba, ban dasa ba, wannan gaskiya ne. Takina ne ya bi ruwa ya gangara, giwata ta bi taki, ta rufe tsohuwar gamba ta kashe, irin gambar ya riƙa ja da baya shekara-shekara yana kamawa a inda ƙasa ta koma tsakuwa. Kalma ɗaya ba ta sauka daga abin da tsohuwar ta faɗa ba, kuma kalma ɗaya ba ta sauka daga laccata ba. Kowa ya san abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya ci ƙasar wani ko da tafin hannu ce. Ni wurin gida guda na ci, na haɗa da rantsuwa.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi rantsuwar muni. Kwana huɗu ban gaya wa kowa ba. Na san halin giwa, sati uku ta tofo, ruwan farko kuwa ta rufe komai, kuma ba wanda ya hau can sama ya duba sai ni. Har lambar mai tarakta na nema, da sunan gyaran gona bayan gobara, don zuwa ɗaya zai baje kunyar nan. Na kira, ya ɗauka, na tambaye shi lafiyar iyali na kashe. In na tsaya sallah sai in ga layi biyu a kan darduma. Abinci kuwa ko loma uku ba na yi.

Rana ta biyar Saratu ta ɗauke kwanon tuwo yadda ta ajiye shi, ta ce ko dai gobarar ta cinye wani abu da ban faɗa ba. Na ce ta ɗauko mayafi. Na kai ta gona, ban ce komai ba, tsayar da ita kawai na yi wajen garke. Saratu ba ta san gamba daga tofa ba, amma minti ɗaya bai cika ba ta dafe ƙirji.

"Baban Khaulat," in ji ta, "tsakaninka da Allah, Liman zai faɗa maka yadda za ka yi. Tsakaninka da matar nan kuwa, ga mota can."

A hanyar Panda na tsara magana, tsari mai kyau irin na tsohon ma'aikaci. Zan ce na yi tunani, zumuncin iyaye ya fi fili, na bar wa Wilson wurin ya yi gininsa, kyauta. Ita ta samu filinta, ni sunana yana nan, har ma a ce Ghali mutumin kirki ne, ya ci shari'a ya yafe. Sauran kuma damina za ta rufe. Na yi ta maimaitawa har na haddace kafin in shiga gari.

Susana ce ta tare ni a ƙofar gida. Ta gaishe ni ba yabo ba fallasa, sannan ta rage murya ta ce in yi haƙuri da duk abin da Mama za ta faɗa, kanta ba daidai yake ba tun rigimar gona. Sun kai ta wajen likita an ba ta ƙwayoyi. Sun hana ta girki kada ta manta da wuta, ba ta zuwa kasuwa ko coci sai da rakiya, a zumuntar mata ma an daina ba ta jan waƙa. Na tambaye ta wane abu Mama ta yi na ruɗewa. Susana ta yi tunani, ta ce ba wani abu takamaimai, amma mutumin da ya tsaya gaban Mai Unguwa ya ce ciyawa tana tafiya, ai ba sai an jira ya yi na biyu ba.

Na same ta a tsakar gida a kan kujerar roba, hannuwa a cinya, ba ta yin komai. Matar da tun da nake ban taɓa ganinta ba abin ɓarewa ko abin tsincewa a hannu ba. Ta rame, ɗankwalin ma wani ne ya ɗaura mata. Na durƙusa na gaishe ta, ina shirin buɗe baki da haddata, sai ta riga ni.

"Ghali, na gode da ka zo. Na daɗe ina so in roƙe ka gafara. Na sa ka taɓa Littafinku a banza. Ɗan Malam Abdulsalami ba zai rantse a kan ƙarya ba, wannan na sani. To in kai ba ka yi ƙarya ba, kaina ne ya lalace. Har yanzu in na rufe ido ina ganin wurin da nake shanya gyaɗa, amma sun ce haka ciwon yake yi."

Ashe tsoron da na gani a fuskarta ranar rantsuwa ba na kunya ba ne. Ta yarda da ni ne fiye da yadda ta yarda da idonta, wata huɗu tana haɗiyar ƙwaya a kan maganata. Na tuna maganar kyautar da na haddace. In na faɗe ta, matar nan za ta karɓi filinta ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, ta ci gaba da zama ruɗaɗɗiya a gidan 'yarta har ta mutu.

Na ce, "Mama, wuta ta ci gonar. Na ga layin Baba Manasseh. Yana ciki, inda kika ce. Na tona na ga gindin da hannuna. Ni ne na rantse a kan abin da ban sani ba."

Can ta tambaye ni taku nawa ne. Na ce goma sha bakwai a tsakiya. Ta ce ita sha biyar ta ce. Na ce ƙafata ce gajera. Ta ɗaga hannuwanta daga cinya ta kalle su gaba da baya. Na jira ta zage ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi.

"Ke Susana, zo nan," ta kira, da muryar da na sani tun ina yaro. "Kira mini Wilson, ki sa yadda kowa zai ji."

Susana ta kira shi ta riƙe wayar a tsakaninmu. Maman Wilson ta nuna ni da haɓa ta ce in faɗa musu. Na faɗa, a durƙushe, tun daga tifar kashin kaji har zuwa takalmi da mashin, har kwana huɗun da na yi shiru da mai tarakta ban bari ba. Susana ta toshe baki da hannu ta jingina da bango. Ta wayar ba a jin komai sai ƙarar motoci, har na ɗauka layin ya yanke, sannan na ji Wilson ya ce "Mama" sau ɗaya, muryarsa ta karye.

Ni ta kalla, ta ce maganar da na yi a nan sai na sake yin ta ranar Asabar a bakin gona, kafin ciyawa ta tofo, a gaban mutanen da na rantse a gabansu. Ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya, su bakwai, da inda kowa ya tsaya, da wanda ya fara dariyar, da wanda ya juya baya yana tari. Ba ta manta ko ɗaya ba. Na ce to, Mama, zan zo da mota in ɗauke ki. Ta kwance ɗankwalin ta sake ɗaurawa da kanta, ta ce in bar shi, ta san hanya.